Laifin da Aka Ɗora wa Ƙarfe

A ranar 12 ga Satumba, 1876, ciwon shanyewar jiki ya buge wani likita a birnin Boston na Amurka, farat ɗaya ya ce ga garinku nan. Shekararsa 42. Da wani likitan ne daban, da an binne shi an watse, magana ta mutu. To amma George Barker Windship ne, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana bin manyan zaurukan taro yana gaya wa Amurkawa cewa ƙarfi shi ne lafiya, kuma ba a samunsa sai an ɗaga abu mai nauyi. Faɗuwa ta zo wa abokan hamayyarsa daidai da zama. Ba su tsaya neman hujja ba, tunda ga gawa nan kowa ya gani.

Windship ya shiga jami'ar Harvard yana ɗan shekara 16, ɗan firit da shi, abin tsokanar 'yan ajinsu. Haushin wannan ne ya kai shi ɗakin motsa jiki. A 1854 ya ci karo da wata na'urar gwada ƙarfi a garin Rochester, ya ja, ya ga abin da ya ɗaga bai taka kara ya karya ba. Da ya koma gida sai ya haƙa rami, ya zura ganga a ciki, ya cika ta da duwatsu da yashi, ya ɗaura mata igiya da mariƙi. Kullum zai hau dakalin katako a samanta ya ɗago ta kaɗan, bayan kwana biyu ya ƙara dutse. Da tafiya ta yi tafiya, ya koma rataya nauyin a kafaɗa da wani katako mai kama da karkiya, har ya ɗaga fam 2,600, wato kusan kilo 1,180. A 1865 kuma ya yi rajistar wani ƙarfen hannu da ake ƙara wa faya-fayai ko a rage, irin tsarin da ake gani yau a duk wurin ɗaga ƙarfe.

A wannan birnin na Boston akwai wani malamin motsa jiki, Dio Lewis, wanda ya ɗauki hanyar da ta yi hannun riga da ta Windship. Kayan aikinsa na katako ne marasa nauyi, da zobba, da 'yan jakunkunan wake da ake cillawa a cafe, ana yi ana kaɗa kiɗa. Hujjarsa ta dawaki ce: a dubi ƙaton dokin da ke jan amalanken kaya, ga ƙarfi amma ga nawa, sannan a dubi siririn doki mai zafin nama. Wanda ya saba da nauyi, in ji shi, na farkon zai zama. Maganar ta yi daɗin ji, ta shiga kunnen iyaye da malamai. Ba wanda ya tsaya ya ce ai waɗannan dawaki iri biyu ne tun daga haihuwa, ba kayan da aka ɗora wa ɗayan ne ya mai da shi haka ba.

Daga nan aka shiga kusan shekara 90 ana koya wa ɗalibai, a makarantun horar da malaman wasanni da na likitoci, cewa ƙarfe yana ɗaure jiki. Wai tsoka idan ta yi kauri sai ta gajarce, mutum ya sanƙare, gudunsa ya ragu, zuciyarsa ta kumbura. Kocin da ya kama ɗan wasansa da ƙarfe a hannu yana iya korarsa. Wannan shi ne kuskure mafi daɗewa a tarihin sana'ar, kuma ba jahilai ne suka ƙirƙiro shi ba. Masu digiri ne suka rene shi, 'yan kasuwa suka yi masa talla.

Batun 'yan kasuwar ma abin dariya ne. Eugen Sandow, Bajamushen da ya girgiza Landan a 1889 sannan ya tara 'yan kallo a Shikago a 1893, da manyan ƙarafa ya gina jikinsa a hannun ubangidansa Louis Attila. Amma da ya tashi sayar wa jama'a sirrin, sai ya ba su ɗan ƙarfen hannu mai sifirin a tsakiya, wanda yaro ma zai ɗauka, a riƙa matsawa ana lanƙwasa hannu. Bayansa aka samu masu sayar da darasi ta gidan waya, wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Charles Atlas, ɗan asalin Italiya, da ya haɗa kai da wani gwanin talla, Charles Roman, a 1929. Darasinsa ba ya buƙatar kayan aiki, hannu ne zai yi ta kokawa da hannu. Lissafin a fili yake: aika takarda a ambulan kuɗi kaɗan ne, aika ƙarfe mai kilo 50 kuwa sai an yi da gaske. Masanin tarihin wannan fanni Terry Todd ya nuna yadda da yawa daga cikin masu irin wannan kasuwa suka riƙa tsorata mutane da ƙarfe a tallarsu, alhali su kansu da ƙarfen suka yi ƙwanjin da suke ɗaukar hoto da shi.

Ranar da wannan gini ya fara tsagewa ita ce 4 ga Afrilu, 1940, a kwalejin Springfield da ke jihar Massachusetts. Ba ƙaramar makaranta ba ce a harkar wasanni, domin a nan aka ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891, kuma daga nan malaman motsa jiki ke bazuwa ko'ina a Amurka. Babban malaminta a ilimin aikin jiki shi ne Dakta Peter Karpovich, haifaffen Rasha, wanda kowa ya san ba ya ga maciji da masu ɗaga ƙarfe. Wani ɗalibi da ya gaji da jin ana kushe abin da yake so ya rubuta wa Bob Hoffman, mai kamfanin ƙera ƙarafan motsa jiki na York, ya roƙe shi ya zo da yaransa. Hoffman ya zo da John Grimek, wanda ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1936 kuma ya zama gwarzon masu ƙirar jiki na ƙasar a 1940 da 1941, da John Davis, baƙar fata, wanda ya ci kambun duniya a 1938 yana ɗan shekara 17.

Zauren ya cika maƙil. Aka ɗaga ƙarfe, aka nuna ƙwanji, aka buɗe fagen tambaya. Kamar yadda waɗanda suka halarta suka ba da labari, Karpovich ya miƙe ya nemi alfarma guda: Grimek ya sosa bayansa, tsakanin allunan kafaɗa. Ɗalibai suka fashe da dariya, don an sha gaya musu a aji cewa irin waɗannan ƙarti ba sa iyawa. Grimek ya sosa da hannun dama, ya sosa da na hagu, ta sama da ta ƙasa. Bai tsaya nan ba. Ya ware ƙafafunsa har ya zauna daram a ƙasa, ya tashi, ya sunkuya gwiwoyinsa a miƙe har gwiwar hannunsa ta kusa taɓa daɓe. Shi kuma Davis ya yi tsalle daga tsaye ya wuce mita 3, sannan ya ɗauki ƙarfe mai kusan kilo 23 a kowane hannu ya yi alkafura ta baya da su, ya dira a kan ƙafafunsa.

Gani ya kori ji. Abin da ya bambanta Karpovich da sauran malamai shi ne abin da ya yi bayan nan. Ya je ya ba baƙin haƙuri, sannan ya koma ya yi abin da ya kamata a ce an yi tun zamanin Dio Lewis, wato awo. Yaƙin Duniya na Biyu ya jinkirta aikin, amma a 1951 shi da ɗalibinsa William Zorbas suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 600, rabinsu masu ɗaga ƙarfe, rabi ɗaliban da ba sa yi. Kowa zai juya wani mariƙi da hannu iya saurinsa. Masu ɗaga ƙarfen ne suka fi sauri. A 1956 mutumin da ya yi suna wajen zagin ƙarfe ya haɗu da Jim Murray suka wallafa littafi sukutum a kan yadda 'yan wasa za su amfana da shi.

A daidai wannan lokacin wata ƙofar ta buɗe ta ɓangaren asibiti. Thomas DeLorme yaro ne a jihar Alabama lokacin da zazzaɓin da ke taɓa zuciya da gaɓoɓi ya kwantar da shi wata da watanni, likitoci suka ce ya haƙura da aikin ƙarfi har abada. Ya yi kunnen uwar shegu da su, ya harhaɗa ƙarafa daga tarkacen injuna, ya gina jikinsa, ya kuma karanta likitanci. A 1944 aka tura shi asibitin sojoji na Gardiner a Shikago, ya tarar da gadaje cike da samarin da aka yi wa aiki a gwiwa ko aka ɗora musu karaya. Raunin ya warke, amma cinya ta tsotse, ƙafa ba ta ɗaukar mai ita. Abin da ake ba su shi ne hutu, da gashi, da ɗan motsi marar nauyi da ake maimaitawa ba adadi, mutum ya yi wata shida ko tara yana jan ƙafa.

DeLorme ya ɗaura musu takalmin ƙarfe mai ɗaukar faya-fayai. Ga kowane soja sai ya nemo nauyin da zai iya ɗagawa sau 10 amma ba zai iya na 11 ba, ya rubuta, a yi aiki da shi, mako na zagayowa a sake aunawa a ƙara. Sakamakon da ya wallafa a 1945 a kan majiyyata 300 ya sa likitocin ƙashi suka zauna da kyau. Da farko yana sa su zubi 7 zuwa 10, kowane zubi ɗagawa 10. Zuwa 1948, shi da Dakta Arthur Watkins suka ga wannan ya yi yawa, suka mai da shi zubi 3: na farko da rabin nauyin, na biyu da kashi uku cikin huɗu, na uku da nauyin gaba ɗaya. Da wannan tsarin suka yi aiki a kan masu shan inna. Duk saurayin da ya shiga wurin motsa jiki yau aka ce masa ya yi goma-goma sau uku, takardar maganin DeLorme ta 1948 ake karanta masa, sai dai galibi an yar da rabin da ya fi muhimmanci, wato aunawa da rubutawa da ƙari kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ake ganin mai shekara biyu yana ɗaga nauyi ɗaya yana mamakin jikinsa ya tsaya, ga kuma wanda ya zo jiya yana son ɗaukar na mai shekara biyar.

Ƙarin nauyi sannu a hankali ba sabon abu ba ne. Girkawan da suna ba da labarin Milo na garin Kroton, ɗan kokawar da ya ci gasar Olamfik sau 6 a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, wanda daga sunansa aka samo na garin Milo da ake haɗa shayi da shi. Wai ɗan maraƙi ya riƙa saɓawa a kafaɗa kullum har ya zama bijimi. Labarin yana da gaskiya a gindinsa, amma yana da tarko, domin jikin mutum ba ya bin girman maraƙi. A 1979 Moritani da deVries suka nuna cewa ƙarfin da sabon shiga ke samu a makonnin farko yawancinsa ba daga girman tsoka yake ba. Ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyin da ke kai saƙonta suke koyon tayar da tsokar da ma tana nan. Wannan koyo yana sauri, girman tsoka yana biyo baya, jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi kuwa sun fi kowa nawa. A wannan tazarar ne sabon shiga ke jin ya zama zaki, ya ninka nauyi, gwiwar hannu ko kafaɗa ta fara yi masa ciwo.

Kociyoyi ne suka zo a ƙarshe, su ma ba takardun bincike ne suka jawo su ba, kofi ne. Wani mai horarwa, Alvin Roy, ya shigar da ƙarfe wata makarantar sakandare a Baton Rouge, ta ci kofin jiha a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a 1955, kuma tauraronta Billy Cannon ya zama zakaran jihar a tseren yadi 100 da jifan dalma a lokaci guda. A 1969 jami'ar Nebraska ta ɗauki wani ɗalibi, Boyd Epley, ya horar da 'yan wasanta da ƙarfe, amma babban koci Bob Devaney ya ja masa kunne cewa ko mutum ɗaya gudunsa ya ragu, to a bakin aikinsa. Nebraska ta ɗauki kofin ƙasa a 1970 da 1971.

Kada a ɗauka masu ƙarfen duk waliyyai ne. Wajen 1960 wasu masu ɗaga ƙarfe biyu, Bill March da Louis Riecke, suka fara ƙara nauyin da suke ɗagawa da saurin da ba a saba gani ba. Hoffman ya shelanta a mujallarsa cewa sirrin wani sabon atisaye ne: a tsaya cikin keji na ƙarfe a tura sandan da ba ya motsi iya ƙarfi na 'yan daƙiƙu. Ya ƙera kejin ya sayar, makarantu suka yi rububinsa. Abin da ba a faɗa ba shi ne wani likita, John Ziegler, yana ba mutanen biyu ƙwayar Dianabol mai gina tsoka, wadda ta shigo kasuwa a 1958. Dubban samari suka yi ta tura sandan da ba ya motsi suna jiran abin da ba zai zo ba. Shi ma Alvin Roy, da ya koma ƙungiyar San Diego Chargers a 1963, an riƙa raba wa 'yan wasa wannan ƙwayar a sansanin horo. Tun daga lokacin, kwaikwayon atisayen zakara ba tare da sanin abin da yake haɗiya ba ya zama kuskure mai zaman kansa, kuma wayar hannu ta ƙara masa kasuwa.

Duk wannan hayaniya a kan yawan nauyi ake yin ta, alhali wani Ba'italiye ya riga ya nuna tun ƙarni na 17 cewa ba a nan gizo ke saƙa ba. Giovanni Borelli, masanin lissafi, ya rasu a Rum a 1679, littafinsa a kan motsin dabbobi ya fito shekara guda bayan haka. Ya lura cewa tsoka tana kama ƙashi ne dab da gaɓa, kaya kuwa yana can nesa a ƙarshen ƙashin. Tsokar damtse tana manne da ƙashin hannu kamar santimita 5 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuma yana wajen santimita 35. Ke nan wanda ya riƙe kilo 10 hannunsa a lanƙwashe, tsokar tana jan abin da ya kai kilo 70. Gaɓa ba ta san adadin da aka rubuta a jikin faifai ba, abin da take ji shi ne nauyin haɗe da nisansa daga gare ta. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa a jikin cinyarsa, sannan ya gwada miƙa shi gaba don kada ya jiƙa masa riga, ya san wannan lissafin ba tare da alli ba.

A 1999 wasu masu bincike a Jamus ƙarƙashin Hans-Joachim Wilke suka zura ɗan ma'auni cikin faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan kwankwason wani mutum mai rai. Da ya sunkuya da baya a lanƙwashe ya ɗauki kaya mai kilo 20, matsin ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. Da ya lanƙwasa gwiwa ya ɗauka, ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Da ya rungume kayan a jikinsa yana tsaye, bai kai rabin na farko ba. Mutum ɗaya aka auna, don haka ba a gina doka a kansa, amma ya yi daidai da lissafin Borelli.

Rashin wannan lissafin ne ya haifar da rigimar tsuguno. A 1961 Karl Klein na jami'ar Teksas ya wallafa cewa tsugunawa har ƙasa da nauyi a kafaɗa tana saki jijiyoyin da suka ɗaure gwiwa. Ya kwatanta masu ɗaga ƙarfe 128 da ɗalibai 386, da wani ma'auni da ya ƙera da kansa, wanda hannunsa ne ke danna shi. Wasu daga cikin waɗanda ya auna, irin su Bill Starr, sun ce sai ya tambayi mutum ko yana tsugunawa har ƙasa kafin ya danna. Mujallar Sports Illustrated ta yayata maganar a 1962, rundunonin sojan Amurka suka cire wasu atisayen tsuguno, makarantu suka bi sahu. A 1971 Earle Meyers ya maimaita gwajin da irin ma'aunin Klein bai ga bambanci ba, a 1989 Chandler da abokan aikinsa suka sake dubawa da na'ura mafi inganci, nan ma babu. Amma maganar ta riga ta fita. Ga Bahaushen da ya tashi yana tsugunawa har ƙasa ya gaida na gaba, ya ci tuwo a tsugune, ya ga tsoho ɗan 70 yana yin haka ba tare da ya dafa komai ba, jin cewa gwiwa ba ta son lanƙwasa abin mamaki ne, ko da yake tsuguno da buhu a kafaɗa daban yake da na gaisuwa.

Ƙanwar wannan dokar ita ce wadda har yau ake ji a bakin masu horarwa: kada gwiwa ta wuce yatsun ƙafa. A 2003 Andrew Fry da abokansa a jami'ar Memphis suka kafa allo a gaban ƙafafun masu tsuguno don hana gwiwar wucewa. Nauyin da ke kan gwiwa ya ragu da kusan kashi 22 cikin 100. Na kan ƙugu kuwa ya ninka wajen sau 10, domin mutum dole ya turo ɗuwawu baya ya kwantar da ƙirji gaba don kada ya faɗi. Nauyin bai tafi ko'ina ba, an ɗauke shi daga gwiwa an kai wa kwankwaso. Mai dogon ƙashin cinya ya fi kowa shan wahalar wannan doka.

Hatta a fagen Olamfik an ga yadda son adadi ke lalata tsari. Daga 1928, shekarar da ɗan Masar El Sayed Nosseir ya ci zinare a Amsterdam, salo uku ake gasa da su. Ɗaya daga ciki shi ne a ɗauko ƙarfe zuwa ƙirji, a tsaya ƙyam, a tura shi sama da ƙarfin hannu da kafaɗa kaɗai. Sannu a hankali 'yan wasa suka gano cewa idan suka turo ciki gaba suka gantsare baya, ƙirji zai shigo cikin aikin, nauyi ya ƙaru. Alƙalai suka riƙa kau da kai, musamman da yake gasar ta zama fagen nuna isa tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Zuwa 1972, lokacin da Vasily Alekseyev ya tura kilo 236.5, wasu na gantsarewa har sai ka ce kwanciya za su yi a iska. Bayan gasar Munik ta wannan shekarar aka soke salon gaba ɗaya, saboda alƙalanci ya gagara kuma ana tsoron abin da yake yi wa kwankwaso. Gantsarewar dai ba ta mutu ba, tana nan a duk inda saurayi ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin damtsensa yana lilo da baya don ya kai shi sama.

Waɗanda aka fi daɗewa ana hana su ƙarfe su ne tsofaffi da mata. A 1990 Dakta Maria Fiatarone ta ɗauki tsofaffi 10 a wani gidan kula da gajiyayyu a Boston, garin Windship, shekarunsu daga 86 zuwa 96, ta sa su atisayen cinya da nauyi na gaske har mako 8. Tara da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar kowane baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Mata kuwa sai a 2000, a Sidni, aka ba su damar ɗaga ƙarfe a Olamfik. A ajin kilo 75 mata uku suka tashi da jimilla ɗaya, kilo 245, aka raba gardama da nauyin jikinsu: María Isabel Urrutia ta Kolombiya ta ɗauki zinare, Ruth Ogbeifo ta Najeriya ta ɗauki azurfa.

A garuruwan Hausa ƙarfen ya shigo ta bayan gida, ba ta makaranta ko asibiti ba. Samari ne ke zuba siminti a gwangwanaye biyu su soka bututun ƙarfe a tsakiya, ko su samo tsofaffin ƙarafan mota a wurin makanikai. Fim ɗin da Aïcha Macky ta yi a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya nuna irin wannan fage. Tsoffin maganganun ma sun iso: yana hana yaro tsawo, yana sanƙarar da jiki, in ka bari tsokar ta narke ta zama teɓa. Na ƙarshen nan ba ya yiwuwa, don tsoka da kitse halitta biyu ne daban. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya daina atisaye, tsoka ta ragu, cin abincin kuwa yana nan yadda yake.

Da aka zo ƙirga raunin da ƙarfe ke jawowa da gaske, sai ya zama ba zuciya ba ce, ba kuma sanƙarewa ba. A 2010 Zachary Kerr da abokan aikinsa suka bi bayanan sashen gaggawa na asibitocin Amurka daga 1990 zuwa 2007, suka ƙiyasta raunuka sama da 970,000 masu alaƙa da ɗaga nauyi. Fiye da kashi 80 cikin 100 maza ne. Kusan biyu cikin kowane uku, ƙarfen ne ya suɓuce ya faɗo wa mutum, a ƙafa, a yatsa ko a ƙirji. Faifan da ba a ɗaure shi a bakin sanda ba, da sandan da aka riƙe ba tare da babban yatsa ya zagaye shi ba, da kwanciya a benci a tura nauyi ba kowa tsaye a kai, su ne hanyoyin da irin wannan ke faruwa. Ƙarfen siminti na tsakar gida yana da nasa ƙarin: gefe ɗaya kan fi ɗaya nauyi, ba a san kilo nawa ne ba, kuma ba a iya ƙara masa kilo 2. Wanda ya fi ƙarfin na jiya sai dai ya zuba sabo a gwangwanin da ya fi girma, ya tsallaka daga abin da yake ɗagawa sau 15 zuwa wanda da ƙyar zai ɗaga sau 2.